Gwiwata da Ɗakin Gashin Ƙashi na Hanyar Ogba: Hukuncina Bayan Zama 12

Mako takwas na yi ina zuwa wani ƙaramin asibitin gashin ƙashi mai zaman kansa da ke kan hanyar da ta tashi daga Agege zuwa Ogba, sau biyu a mako a watan farko, sau ɗaya a mako a wata na biyu, jimilla zama 12 ke nan. Tun da na gama, abokan sahu a masallacin unguwarmu da abokan nema a kasuwar Mile 12 suke ta tambayata ko wurin ya cancanci kuɗin da ake biya, domin sun ga mutumin da a da sai ya dafa bango yake tashi daga zaman tahiya, yanzu yana miƙewa da ƙafafunsa. Amsar ba ta shiga cikin kalma ɗaya, shi ya sa na ga ya fi dacewa in rubuta ta dalla-dalla. Ba zan kama sunan wurin ba, saboda akwai ƙorafi a cikin abin da zan faɗa, kuma ba nufina ne in ɓata wa kowa sana'a ba.

Shekaruna 54, kuma aikina riƙe wa dillalan albasa littafin lissafi. Gwiwata ta dama ta fi shekara uku tana damuna, kuma lokuta uku ta fi tsananta: da asuba idan na sauko daga gado, bayan na daɗe a cikin motar haya ta danfo gwiwoyina tokare da ƙarfen kujerar gaba, da kuma lokacin saukowa daga gadar masu tafiya a ƙafa, wadda duk mai bin titin Ikorodu ya san ba ta da makawa, tunda jami'an jiha suna kama wanda ya tsallaka titi ta ƙasa. Na bi hanyar da yawancinmu muke bi. Na shafa man zafi iri-iri, na sha haɗin ƙwayoyi na kemis, na sayi na masu talla a cikin mota waɗanda maganinsu ɗaya yake warkar da basir da ciwon baya da amosani, har na kai kaina wurin mai ɗori, wanda ya yi mini adalci ya ce babu karaya babu targaɗe, don haka ba aikinsa ba ne. Abin da ya tsayar da ni shi ne ƙunar ciki. Likitan da na gani ya ce ƙwayoyin kashe zafi irin su diclofenac, idan aka ɗore da shansu kullum, suna cin bangon ciki kuma suna wahalar da ƙoda. Ya tura ni hoton ƙashi, ya duba, ya ce amosanin gaɓa ne irin wanda guringuntsi ke zaizayewa, bai kai ga tiyata ba, kuma likitan fisiyo, wato na gashin ƙashi, ya kamata in gani. Da farko na yi niyyar zuwa Asibitin Ƙashi na Ƙasa da ke Igbobi, ɗan'uwan na Dala da muka sani a Kano, kuma a Igbobin ne wasu Turawan Ingila biyu suka fara aikin gashin ƙashi a Najeriya a 1945. Lissafin cunkoson hanya daga Agege, sau biyu kowane mako, shi ya sa na nemi wuri kusa da gida.

Aibin farko yana tarar mutum tun kafin ya yi sallama. Asibitin yana saman bene ne, matakala 22 na ƙirga, babu na'urar hawa, kuma madafa gefe ɗaya kawai take da ita. Wurin da aka buɗe domin masu ciwon gwiwa da ƙugu da waɗanda ɓarin jikinsu ya shanye bai kamata ya fara jarraba su da bene ba, kuma na ga ranar da samari biyu suka ɗauki wata dattijuwa a kan kujerar roba suka hau da ita, abin da bai yi mini daɗin gani ba ko kaɗan. Ciki kuwa babu laifi. Akwai gadaje huɗu, kowanne da labulensa, ana canza zanen gado a gaban mutum, akwai keken motsa jiki guda biyu da sandunan koyon tafiya, kuma takardun lasisi na MRTB, hukumar da ke yi wa likitocin fisiyo rajista a ƙasar nan, suna rataye inda kowa zai karanta. Wannan takarda ita ce abin da zan ce kowa ya fara nema da idonsa a duk inda ya je, domin a Legas masu tausa da yawa suna rubuta gashin ƙashi a allon shagonsu.

Wanda ya karɓe ni matashi ne ɗan Zazzau da bautar ƙasa ta kawo shi Ikko ya zauna, kuma sa'ar da na yi ke nan, domin da harshena aka yi mini bayani. Zaman farko ya kusa cin awa guda, kuma rabinsa tambayoyi ne. Ya ce, "Baba, idan kun tashi da safe, minti nawa gwiwar take yi a sage kafin ta saki?" Na ce kamar minti goma ko sha biyar. Ya ce tambayar tana da muhimmanci, domin sagewar da ba ta wuce rabin awa ba ta fi kama da zaizayewar guringuntsi, wadda kuwa take kai awa guda ko fiye, musamman idan ta kama yatsun hannu biyu tare, tana nuni ga wani amosanin daban wanda garkuwar jiki ce take afka wa gaɓoɓi, kuma maganinsa yana hannun wani likita. Ya tambaye ni ko gwiwar ta taɓa kumbura da zazzaɓi, ko akwai sikila a gidanmu, ko babban yatsan ƙafata ya taɓa tashina cikin dare da raɗaɗi. Daga nan ya kwantar da ni ya auna. Gwiwar hagu tana lanƙwasuwa har digiri 135, ta dama ta tsaya a 105. Ya zagaya cinyoyina da awon tela, ta dama ta gaza ta hagu da santimita 3. Ban taɓa lura cewa ƙafata ɗaya ta rame ba sai ranar.

Abin da ya fi kowane abu daraja a cikin kuɗin da na biya ya zo ne a zama na biyu, kuma ba na'ura ba ce. Ranar na je tare da Kawu, ƙanin mahaifiyata, wanda shekarunmu ba su da tazara sosai, kuma ya yi rayuwarsa yana fawa a mayankar Oko-Oba da ke Agege. Likitan ya ɗauko gwiwar roba da ake koyarwa da ita ya fara nuna mini cewa ƙasusuwa uku ne suka haɗu a gwiwa: ƙashin cinya daga sama, ƙashin ƙwauri daga ƙasa, da ƙoƙon gwiwa a gaba. Bakin kowane ƙashi, a inda yake gogar ɗan'uwansa, a lulluɓe yake da guringuntsi mai santsi wanda kaurinsa a yawancin wurare bai wuce milimita 2 zuwa 4 ba. Gaɓar duka tana cikin wata jaka, kuma tantanin da ke cikin jakar yana tsattsafo da wani ruwa mai yauƙi kamar farin ƙwai, wanda a gwiwa mai lafiya bai cika ƙaramin cokalin shayi ba. Kafin ya rufe baki Kawu ya karɓe zancen, ya ce, "Likita, ai wannan ruwa mun san shi. Duk ranar Allah idan muka ɓalle ƙafar saniya a gaɓa sai ya zubo mana a wuƙa, kuma guringuntsin ɗan maraƙi fari ne fat kamar tangaran, na tsohuwar saniya kuwa sai ka tarar ya yi rawaya ya yi kaushi." Likitan ya ce Kawu ya riga ya gama masa rabin darasin. Kashegari da yamma Kawu ya kawo mini gwiwar saniya sabuwar yanka har gida, ya buɗe ta a kan faranti, ya sa na goga bakin ƙasusuwan biyu da hannuna. Ban taɓa taɓa abu mai santsi irin wannan ba, kuma tun daga ranar bayanin ya zauna mini.

Ga maganar da ta juya mini tunani. Guringuntsin gaɓa ba shi da jijiyar jini ko ɗaya, kuma ba shi da jijiyar da ke kai saƙon ciwo. Rashin ta biyun shi ya sa yake zaizayewa shekara da shekaru mutum bai sani ba, sai lalacewar ta taɓa ƙashin da ke ƙarƙashinsa ko tantanin jakar, waɗanda su suna jin ciwo. Rashin ta farkon kuwa yana haifar da tambaya: abin da jini ba ya kai masa abinci, da me yake rayuwa? Likitan ya ce da ruwan nan mai yauƙi, kuma ba ya samunsa sosai sai an motsa. Mafi yawan nauyin guringuntsi ruwa ne, kuma yana aiki ne kamar soso: idan mutum ya taka ƙafa, nauyi ya matse shi ya fitar da ruwan da ya gama amfani, idan ya ɗaga ƙafa sai ya sake tsotso sabo mai ɗauke da abinci. Ke nan gaɓa da motsi take ci. Ni kuwa shekara uku na yi ina lallaɓa gwiwata, ina jingina nauyina a kan ta hagu, ina guje wa tafiya, ina ganin tattalinta nake yi, ashe horon yunwa nake yi mata, kuma tsokar cinyar da ya kamata ta kare ta tana ta ramewa saboda rashin aiki. Santimita ukun nan da suka ɓace ba ciwon ne kaɗai ya cinye su ba, har da dabarata.

Ya nuna mini wasu abubuwa guda biyu masu siffar jinjirin wata da ke zaune a kan ƙashin ƙwauri, ɗaya ta ciki ɗaya ta waje, su ma guringuntsi ne amma mai tauri kamar roba. Ya rasa sunan da zai ba su da Hausa, sai na ce masa ai gammo ne. Duk wanda ya ga ɗan dako a Mile 12 ya naɗa tsumma ya ɗora a ka kafin a aza masa buhun albasa ya san aikin gammo: yana baza nauyi kada ya taru a wuri ɗaya, kuma yana sa kaya su zauna daidai. Bakin ƙashin cinya a dunƙule yake, saman ƙashin ƙwauri kuwa kusan a shimfiɗe, kuma ba don gammon nan biyu ba da duk nauyin mutum a kan ɗan ƙaramin wuri zai riƙa sauka. Sai kuma maɗaurai huɗu manya da ke riƙe ƙashi da ƙashi, biyu a gefe da gefe suna hana gwiwa karkacewa, biyu a can tsakiya sun gitta juna suna hana ƙwauri zamewa gaba ko baya. Na tsakiyar nan su ne muke jin sun tsinke wa ƴan ƙwallo har su yi watanni ba su buga wasa ba.

A nan ne na gane wata matsala da harshenmu yake jawo mana a gaban likita. Abubuwa huɗu mabambanta muke kira jijiya: wadda jini ke bi, wadda ke kai saƙo tsakanin ƙwaƙwalwa da jiki, wadda ke ɗaure ƙashi da ƙashi, da wadda ke haɗa tsoka da ƙashi. Idan Bahaushe ya ce yana da ciwon jijiya, bai gaya wa likita komai ba tukuna. Mahauta sun fi mu tantancewa, domin ta huɗun nan suna da sunanta, agara, kuma Kawu ya yi ta jin daɗi da aka zo wurin. Agara ce igiyar da tsoka ke jan ƙashi da ita, kuma tsoka ja kawai ta iya, ba ta iya turawa ba. Saboda haka kowace gaɓa mai motsi tana da tsokoki ta fuska biyu masu aiki da bi da bi: guda huɗu a gaban cinya suna miƙe gwiwa, guda uku a bayanta suna lanƙwasa ta. Ƙoƙon gwiwa kuwa a cikin agarar tsokokin gaba yake zaune, yana ɗaga ta nesa da gaɓar kamar dutsen da ake tokarawa a ƙarƙashin ƙarfe idan za a ɗaga abu mai nauyi, don jan ya yi ƙarfi da ƙaramin ƙoƙari. Da ya gaya mini cewa a tafiya ta yau da kullum gwiwa tana ɗaukar nauyin jiki ninki biyu zuwa uku a kowane taku, a matakala kuma fiye da haka, sai na daina mamakin abin da gadar Ketu take yi mini. Ya ƙara da cewa kowane kilo ɗaya da mai ƙiba ya rage yana sauke wa gwiwa kusan kilo huɗu a kowane taku, ya kuma kalli tumbina bai ce komai ba.

Na tambaye shi dalilin da ya sa yake murɗa mini ƙugu da idon sawu alhali gwiwa na kawo. Ya ce gwiwa tana tsakanin maƙwabta biyu ne, kuma idan ɗayansu ya gaza ita take biya. Daga nan ya bi sauran jikin a gurguje. Baligi yana da ƙasusuwa 206, kuma ba duk mahaɗarsu ce take motsi ba: na ƙoƙon kai a ɗinke suke, na gadon baya kowanne ɗan kaɗan yake motsawa a kan faifan guringuntsin da ke tsakaninsa da na kusa da shi, sai an tara su ne mutum yake iya ruku'u. Gwiwar hannu tana buɗewa da rufewa ta fuska ɗaya kamar ƙyaure. Ƙugu kamar taɓarya ce a cikin turmi mai zurfi, tana juyawa ko'ina amma da wuya ta fita, kafaɗa kuwa turminta ba shi da zurfi, shi ya sa ta fi kowace gaɓa sakewa kuma ta fi saurin gocewa. Ƙasusuwa biyu na saman wuya ɗaya yana juyawa a kan ɗaya, da su muke waiwaye da sallame salla. Ina sauraronsa ina tuna hadisin da Muslim ya ruwaito daga Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, cewa an halicci ɗan Adam a kan gaɓoɓi 360, da kuma abin da malamai suke karantar da mu cewa kowace gaɓa akwai sadaka a kanta. Na sha jin wannan a wurin karatu, amma sai da guda ɗaya ta ƙi mini aiki na san nauyin maganar.

Shi kansa zaman jinyar kashi uku ne. Ana fara da gashi na minti 15, ko da fitila mai zafi ko da jakar ruwan ɗumi, wani lokaci a haɗa da wata ƴar na'ura da ke tsikarin fata da lantarki. Sai likita ya kama gwiwar da hannunsa ya riƙa motsa ƙoƙon da lanƙwasa ƙafar a hankali zuwa iyakar da take iya kaiwa. Sauran rabin awar kuwa aikin mai ciwo ne: danna bayan gwiwa a kan naɗaɗɗen tawul a riƙe na daƙiƙa goma, ɗaga ƙafa a miƙe daga kwance, tashi da zama a kan kujera ba tare da dafa komai ba, hawa da sauka a kan ɗan akwati, da minti goma a kan keke. Mu masu zuwa, kashi na farko muka fi so, shi ne ma ya ba sana'ar sunan da muke kiranta da shi, kuma na ji wani dattijo yana faɗa wai an cuce shi ranar da aka rage masa lokacin fitila. A nawa hukuncin, wannan kashi shi ne mafi ƙarancin amfani, kuma na yaba wa likitan da ya faɗi haka da bakinsa alhali da ya yi shiru da ya fi samun kasuwa. Ya ce zafi yana lafar da ciwo na ɗan lokaci don a samu damar motsawa, amma ba ya ƙara wa tsoka ko zare ɗaya. Ya rubuta mini atisaye biyar da zan riƙa yi a gida safe da yamma, ya zana hoton kowanne, ya kuma ba ni ƙa'ida mai sauƙin riƙewa: ciwo kaɗan a lokacin atisaye ba laifi ba ne muddin ya lafa kafin kashegari, idan kuwa ya kwana ya wuni ko gwiwar ta kumbura, to an zarce, sai a rage.

Batun salla ya tafiyar da shi da hankali, kuma wannan ma wani abu ne da ba lallai in samu a wurin wanda bai san yadda muke zama ba. Ya ce zaman tahiya yana naɗe gwiwa kusan iyakar naɗuwarta, wajen digiri 150, ni kuwa a 105 nake, don haka dole nake yi mata sau da yawa a kowace rana. Shawararsa ita ce in yi tsayuwa da ruku'u yadda na saba, in zauna a kujera a inda zama ya gagara, na ɗan lokaci, amma ya ce hukuncin wannan a wurin malamai zan nema. Limaminmu ya karanto mini hadisin Imrana ɗan Husaini na yin salla a tsaye, in ba a iya ba a zaune, ya ce in bi maganar likita. Abin da likitan ya hana ni shi ne in mayar da kujerar wurin zama na dindindin, domin gaɓar da aka daina kaiwa iyakarta, iyakar tata matsowa take yi.

Sauran ƙorafe-ƙorafena ba ƙanana ba ne. Ba a riƙe lokaci: sau huɗu aka ba ni ƙarfe tara ban shiga ba sai bayan goma, kuma ga mai aikin kasuwa safiya ita ce jari. Ingancin aikin ya dogara ne ga wanda mutum ya tarar, domin ranaku biyu da likitana ba ya nan, wanda ya karɓe ni ya kunna mini fitila ya koma kan wayarsa, atisayen ma daga nesa ya riƙa ƙirga mini, kuma kuɗin bai ragu ba. Idan wuta ta ɗauke, janaretonsu ba ya ɗaukar fitila da fanka tare, sai a zaɓi ɗaya. Likita mace ɗaya ce, Talata da Alhamis kawai take zuwa, kuma ba ta jin Hausa, alhali alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna cewa a cikin mutum miliyan 528 da ke fama da irin wannan amosani a 2019, kashi 60 cikin ɗari mata ne. A unguwa irin Agege, inda iyayenmu mata da yawa ba za su yarda namiji ya kama musu cinya ba, kuma ba su da Turancin da za su bayyana ciwonsu, wannan babban giɓi ne.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne teburin karɓar kuɗi, inda aka mayar da kowane mai ciwo abokin ciniki. Tun ranar farko aka nuna mini safar gwiwa da kwalbar wasu ƙwayoyi da aka ce suna sake gina guringuntsi, da lafazin da zai sa mutum ya ɗauka umarnin likita ne. Da na tambayi likitan, ya ce guringuntsin da ya zaizaye babu ƙwayar da aka tabbatar tana mayar da shi, in ajiye kuɗina. Safar kuwa na riga na saya, kuma daga baya na ga irinta a Idumota da rahusa sosai. Tana da ɗan amfani, domin tana sa mutum ya ji gwiwarsa a tattare idan zai yi doguwar tafiya ko tsayuwa, amma a zafin Legas tana tara gumi a bayan gwiwa har fata ta yi ƙaiƙayi, kuma bayan wanki kaɗan bakinta na sama ya saki ya fara naɗewa. Yanzu ranar da manyan motoci suka iso da kaya kawai nake sa ta. Kuɗin zaman kansa ba na talaka ba ne. Na farko ya fi sauran tsada da kusan rabi, ana yin ragi ga wanda ya biya na zama goma a dunƙule, kuma duk da ragin sai da na taɓa abin da na ajiye don tafiya gida da Babbar Salla.

A zama na 12 aka sake awo. Gwiwar ta kai digiri 125, cinyar ta dawo da santimita 2 daga cikin ukun da ta rasa, kuma na sauke kilo 4, galibi saboda na rage tuwon dare da lemon kwalba, kuma na koma sauka daga mota tun kafin tasharmu in ƙarasa da ƙafa. Ina sauka daga gada ba tare da na juya gefe ba, na bar kujera a sallolin farilla, kuma na fi wata guda ban sha ƙwayar kashe zafi ba. Ban warke ba, kuma ba a yi mini alkawarin warkewa ba. Har yanzu idan liman ya tsawaita tahiyar ƙarshe sai na zame ƙafar dama gefe, kuma gwiwar tana ƙara idan na tashi, wadda likitan ya ce muddin babu ciwo tare da ita kada ta dame ni. A mako na biyar, da albasa ta yi yawa a kasuwa, na yi kwana goma ban yi atisayen gida ba duk da ina zuwa asibitin, kuma ciwon asuba ya dawo kamar yana jira a bakin ƙofa. Wannan ya nuna mini cewa da za a ce in sake daga farko, zama shida zan biya a warwatse cikin wata uku, in riƙe takardar atisayen da gaske, domin abin da ake saya a wurin shi ne awo da bayani da gyaran kuskure, sauran aikin a tsakar gida ake yinsa.

Wanda ciwonsa ya yi kama da nawa, kuma likita ya riga ya duba shi, zan ce ya je, ya nemi a haɗa shi da likita ɗaya tun daga farko har ƙarshe, ya kuma wuce teburin gaba ba tare da ya sayi komai ba sai abin da aka rubuta masa. Amma gaɓar da ta kumbura ta yi zafi tare da zazzaɓi, ko ƙafar da aka ji wa rauni har ba ta iya taka ƙasa, ko ciwon ƙugu ga mai sikila, waɗannan babban asibiti suke bukata a ranar, kuma likitan da kansa ya mayar da wani yaro mai irin wannan kumburi a gabana bai karɓi ko kwabo ba. Ni an ba ni wata uku in koma a sake awo. Kafin nan akwai uwargida, wadda tata gwiwar ta hagu ta fara hana ta tsugunno a bakin murhu, kuma mun yi da ita zan kai ta ranar Talata in zauna in yi mata tafinta, idan har ta yarda ta hau matakalar nan 22.